Gudu Kaɗai Ba Ya Cafe Ƙwallo: Yadda Ake Tantance Macafa A Zaɓen NFL

  Wasu daga cikinku sun yi mana ƙorafi cewa ba mu da zance sai Firimiya da Laliga, kamar babu wani wasa a duniya. To, mun karɓi gyara. Yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu leƙa wasan nan da suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu aka fi yin sa, mu ga yadda ƙungiyoyin gasar NFL ke tantance matashin da zai riƙa cafe musu ƙwallo kafin su zuba masa miliyoyin daloli.

Abin da ya jawo maganar wani musu ne da ya ɓarke a ɗakin kwananmu na makaranta. A ƙarshen watan Afrilu ake zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, kuma ana farawa da ƙarfe 8 na daren Alhamis agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe 1 na dare a nan gida. Mu huɗu muka haɗa kai a kan waya ɗaya, ga sauro, ga data tana ta zurarewa. Ɗayanmu ya ce shi da zai samu dama, wanda ya fi kowa gudu kawai zai ɗauka, sauran koci ya koya masa. Wani ya ce wannan tunanin ne ya sha cin kujerar manajoji. Har aka kira asalatu ba a rabu ba. Shi ya sa muka koma muka bi tarihin zaɓen, ga kuma abin da muka samo.

Wane ne macafi?

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da tela ke auna shadda da shi, sai kuma gida mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun, har su kai ƙwallo gidan abokan hamayya su samu maki 6. Hanya mafi sauri ta cin yadi ita ce jifa. Akwai mai jifa, wanda suke kira kwatabak, akwai kuma wanda ke tsayawa can gefe, ya ruga, ya kuɓuce wa mai gadinsa, ya cafe ƙwallon a sama. Shi ne Amurkawa ke ce wa wayid risiba. Mu a nan za mu kira shi macafi.

NFL ba ta rainon yara a makarantun horo kamar yadda Barcelona ko Ajax ke yi. Jami'o'i ne gonarta. Sai yaro ya yi shekara uku da gama sakandare kafin ya cancanci shiga zaɓe. Ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓa a zagaye bakwai, 'yan wasa sama da 250 a shekara, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Saboda haka kowace lamba dukiya ce. In ka ɓata lamba ta sama a kan wanda bai yi ba, babu kasuwar da za ka je ka musanya, sai ka jira baɗi. In kuwa ka dace, ka samu gwani a kan albashin sabon shiga na shekara huɗu. Don ku san darajar abin, a 2024 Minnesota Vikings ta sabunta wa Justin Jefferson kwantiragi kan dala miliyan 140 na shekara huɗu, a 2025 kuma Cincinnati Bengals ta ba Ja'Marr Chase dala miliyan 161.

Ranar awo

Kafin zaɓe, a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, ana tara 'yan wasa sama da 300 a birnin Indianapolis don taron gwaji da ake kira Kombayin. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. A auna tsayi, nauyi, tsawon hannu da faɗin tafi. Likitoci su bincike kowace gaɓa. A sa mutum ya yi tsalle sama, ya yi tsalle gaba, ya zagaye 'yan turaku uku don a ga yadda yake juyawa. Amma abin da kowa ke jira shi ne gudun yadi 40, kimanin mita 36 da rabi. Macafin da ya yi shi cikin sakan 4.3 da 'yan kai, sunansa zai cika gari kafin magariba. Wanda ya wuce 4.6, sai a fara taɓe baki.

A nan ne gizo ke saƙa. A 2017 wani yaro daga Jami'ar Washington, John Ross, ya yi gudun a sakan 4.22, ya kafa tarihi. Cincinnati ta ɗauke shi a lamba ta 9. A lamba ta 10, wato da ɗaga ƙafarta, Kansas City ta ɗauki wani mai jifa, Patrick Mahomes, wanda ya zo ya ci mata kofin Super Bowl har sau uku. Shi kuwa Ross, raunuka suka yi masa katutu. A shekararsa ta farko ko ƙwallo ɗaya bai cafe ba, kuma a shekara huɗun da ya yi a Cincinnati guda 51 kacal ya kama.

A wannan zaɓen dai akwai Cooper Kupp, daga wata ƙaramar jami'a, Eastern Washington. Ya yi gudunsa a 4.62, aka ce ai ba shi da ƙafa, aka bar shi sai zagaye na uku, inda Los Angeles Rams ta ɗauke shi a lamba ta 69. A kakar 2021 Kupp ya cafe ƙwallo 145, ya ci yadi 1,947, ya shiga gida sau 16. Ya zo na ɗaya a duka ukun, sannan aka ba shi gwarzon wasan Super Bowl. Abin da ya kama a kaka guda ya kusa ninka na Ross na shekara huɗu sau uku.

Kada a ce mun ce gudu ba shi da amfani. Xavier Worthy, wanda ya karya tarihin Ross da 4.21 a 2024, ya shiga Kansas City ya kuma yi mata rana tun shekarar farko. Mai gudu yana tilasta wa 'yan baya su ja da baya, fili ya buɗe wa sauran. Matsalar ita ce ana yin gudun awo ne da gajeren wando, a miƙe sambal, babu kwalkwali, babu mai ture ka, babu ƙwallon da za ka waiwaya ka nema. A cikin wasa kuwa da wuya macafi ya yi yadi 40 bai karya kwana ba.

Abin da masana ke nema a bidiyo

Masu farauto 'yan wasa na cewa awo yana tabbatar da abin da ka gani ne a bidiyo, ko ya sa ka koma ka sake kallo. Aikin gaske yana cikin faifan wasannin jami'a, kuma abu biyar suke bi.

Na farko, tashi daga layi. A NFL dokar ta yarda mai gadi ya dafe macafi, ya ture shi, matuƙar ba su wuce yadi 5 daga inda aka fara ba. A jami'a sau da yawa masu gadi na ja baya ne su ba yaro fili, don haka wani zai gama karatu bai taɓa haɗuwa da ƙaton da zai tsaya masa a hanci ba. Ana duba yadda yake wasa da ƙafa don ya ruɗi mai gadi, da yadda yake kaɗe hannun da aka kawo masa. Wanda aka riƙe sakan ɗaya a layi, gudunsa ya tashi a banza, domin mai jifa ba ya samun fiye da sakan uku kafin ƙarti su rufto masa.

Na biyu, bin hanya. Kowane hari akwai zanen da aka tsara wa macafi: yi yadi 12 ka karya ciki, ko ka yi kamar za ka wuce sai ka taka birki ka dawo. Sau da yawa mai jifa na sakin ƙwallon tun macafi bai juyo ba, yana jefa ta inda suka yi alkawarin haɗuwa. In an ce 12 ka karya a 10, ƙwallon hannun abokan hamayya za ta faɗa. Gwani shi ne wanda duk hanyoyinsa ke farawa iri ɗaya, mai gadi ya kasa gane inda ya nufa, sannan ya sauke ƙugu ya juya cikin taku biyu ko uku. Tazarar yadi guda da ya samu a wannan juyin ita ce dukan sana'ar. Da wannan Kupp ya ci abinci, kuma agogon Indianapolis ba ya ganin sa.

Na uku, hannu. Ana son wanda ke miƙa hannu ya tsinko ƙwallon tun tana nesa da jikinsa. Mai jira ta bugi ƙirjinsa kafin ya rungume, yana ba mai gadi lokacin kaɗe ta. Ana kuma ƙirga sau nawa ta suɓuce masa, da kuma dalili: rashin iyawa ne, ko gaggawar gudu tun bai kama ba, ko tsoron karo? Akwai bambancin doka ma. A jami'a ƙafa ɗaya ta isa ta taɓa cikin fili in ka cafe a bakin layi, a NFL sai biyu. Ƙwallon jami'a na da farin zane a kusa da kowane baki, ta NFL ba ta da shi. Ja'Marr Chase, da aka ɗauka a lamba ta 5 a 2021, ya yi ta zubar da ƙwallo a wasannin share fage har aka fara cewa an yi asara, shi kuma ya ambaci wannan bambancin zanen aka yi ta yi masa dariya. Da kaka ta fara sai ya ci yadi 1,455. Darasin da masu tantancewa ke ɗauka shi ne a auna mutum da shekarunsa na jami'a gaba ɗaya, kada mako uku su rufe ido.

Na huɗu, ƙarfin hali. Me yake yi in ƙwallo ta zo tsakiyar fili, ya kuma san da ya taɓa ta za a kwashe shi? Me yake yi bayan ya kama, faɗuwa ko ƙara yadi? Sannan me yake yi in harin ba nasa ba ne? Masu kallo da idon basira sun fi son waɗannan lokutan, domin a nan ake ganin wanda ke tare wa abokinsa hanya da gaske da wanda ke tafiyar hawainiya yana jiran nasa rabon.

Na biyar, a karanta alƙaluma da mahallinsu. Yadi 1,000 a ƙungiyar da ke jifa sau 50 a wasa ba daidai yake da yadi 1,000 a wadda ke jifa sau 25 ba. Don haka ake duba kason da yaro ya ci daga jimillar ƙungiyarsa, da shekarunsa lokacin da ya fara fice. Ɗan shekara 19 da ke wahalar da 'yan 22 ya fi ɗan 23 da ke cin zalin ƙannensa. Ana tambayar wa ke jefa masa, da su wa ya kara, kuma shi ya buɗe wa kansa hanya ko dabarar koci ce ta bar shi shi kaɗai a fili.

Bayan waɗannan sai lafiya da hali. Ƙungiyoyi na zama da yaro su zana masa hari a allo, su goge, su ɗauke masa hankali da wata hira, sannan su ce ya maimaita. Suna tambayar malamansa da masu yi masa hidima yadda yake. Randy Moss ya zame har lamba ta 21 a 1998 saboda shakku kan halinsa, sai ya shiga gida sau 17 a shekarar farko, waɗanda suka tsallake shi suka yi ta cizon yatsa.

Masana ma na tafka kuskure

Duk da wannan bincike, tarihin zaɓen cike yake da ɓaran-ɓarama. Detroit Lions ta ɗauki macafi a cikin goman farko shekara uku a jere: Charles Rogers a 2003, Roy Williams a 2004, Mike Williams a 2005. Na tsakiyar ne kawai ya taɓuka abin kirki. Sai a 2007 ta dace da Calvin Johnson.

A 2020 Philadelphia Eagles na da lamba ta 21, tana neman mai gudu, ta ɗauki Jalen Reagor. Minnesota ta ɗauki Justin Jefferson a ta 22. Jefferson ya cafe ƙwallo 111 a shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar LSU, amma aka ce ai yawanci daga ciki yake tashi, inda ba a cika dafe mutum ba, ga shi kuma yana tare da Joe Burrow da Chase, ko wa aka sa a wurin zai yi. An karanta mahallin har an wuce gona da iri. Ya ci yadi 1,400 a kakar farko. Bayan shekara biyu Philadelphia ta sallama Reagor, kuma ba ko'ina ya tafi ba sai Minnesota, ya zama ɗan rakiyar wanda aka fifita shi a kansa.

Awo na iya ruɗar mutane ta ɗaya gefen ma. A 2019 DK Metcalf, ƙato mai nauyin kilo 103, ya yi gudu a 4.33, amma a zagayen turaku uku ya yi 7.38, abin da ko Tom Brady, wanda kowa ya san ba shi da sauri, ya fi shi. Aka ce ba ya iya juyawa, ga tsohon rauni a wuya, aka bar shi har lamba ta 64. Seattle ta ɗauke shi ta ba shi hanyoyin da suka dace da jikinsa, a shekara ta biyu ya ci yadi 1,303. Tambayar da Seattle ta yi ita ce me yaron ya iya, kuma muna da gurbin wannan abin? Sauran sun tsaya ne a kan abin da bai iya ba.

Sai waɗanda aka raina. Amon-Ra St. Brown ya jira har lamba ta 112 a 2021, bayan an ɗauki macafa 16. Ya haddace sunayensu da jami'o'insu yana iya jero su a kowane lokaci, kuma an san shi da tsayawa bayan atisaye ya cafe ƙwallo 202 daga injin jifa. Puka Nacua lamba ta 177 ne a 2023, ya kama ƙwallo 105 da yadi 1,486, tarihin sabon shiga a lokacin. Shi kansa Jerry Rice, wanda ake ɗauka babu kamarsa, ɗan magini ne daga ƙaramar jami'ar Mississippi Valley State, ana shakkar gudunsa da ƙarfin waɗanda ya kara da su. Macafa biyu aka ɗauka kafin San Francisco ta haura ta same shi a lamba ta 16 a 1985. Ya yi ritaya da yadi 22,895, har yau ba wanda ya ko kusa.

Akwai namu a ciki

Wannan sana'a ba ta rasa jinin Najeriya ba. Nelson Agholor haifaffen Legas ne, Philadelphia ta ɗauke shi a lamba ta 20 a 2015. Shekara biyu yana fama da suɓucewar ƙwallo, magoya baya suna yi masa ihu. Da aka mayar da shi tashi daga ciki sai ya farfaɗo, ya kama ƙwallo 9 a wasan Super Bowl na Fabrairun 2018 da suka doke New England da ci 41 da 33. Rome Odunze, wanda mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne, Chicago ta ɗauke shi a lamba ta 9 a 2024, shekarar da aka kwashi macafa bakwai a zagayen farko. Labarin Agholor ya nuna wani abu da ake mantawa: bayan zaɓe ma da sauran aiki, domin inda aka ajiye yaro da wanda ke jefa masa na iya gyara shi ko su ɓata shi.

To, wa ya ci musun?

Mun koma wa abokinmu mai son gudu da waɗannan sunaye. Bai sallama gaba ɗaya ba, ya ce ai ga Worthy, kuma yana da gaskiyarsa. Inda muka tsaya shi ne, ana manne wa sakan 4.22 ne saboda lamba ce mai sauƙin faɗa, mai sauƙin kare kai da ita in abu ya lalace. Iya kuɓucewa da iya cafewa kuwa sai an zauna an kalli wasa goma ana mayar da faifai baya. Mu da muka shigo jami'a da makin JAMB mun san wannan. A ajinmu akwai wanda ya shigo da maki mai tsoratarwa yanzu yana fama da kwasan da ya maimaita, akwai wadda da ƙyar ta haye, yau ita ke yi mana bitar darasi kafin jarrabawa. Makin ba ƙarya ya yi ba, abin da ya auna a safiya guda ya faɗa.

Ga ɗan aikin gida ga mai sha'awa. Kafin zaɓe mai zuwa, ka zaɓi macafi guda, ka bar faifan da aka tsinto masa wuraren bajinta, domin kowa gwani ne a can. Nemi cikakken wasa ɗaya, musamman wanda ƙungiyarsa ta sha kashi. Ka ɗauke ido daga ƙwallo ka zuba masa shi kaɗai. Ka ƙirga sau nawa ya kuɓuce ko da ba a jefa masa ba, sau nawa ya kama da hannu, da yadda yake yi in an ba su rata a zangon ƙarshe. Ka rubuta hukuncinka a bayan littafi, ka sa kwanan wata, bayan shekara uku ka buɗe. Mu ma mun rubuta namu, kuma in muka kwafsa za mu faɗa muku a wannan fili.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Masu shirin jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a.